Bayan an kashe wutar: abin da ke kashe masu ƙuna a Ƙonni da Malbaza da Illela

A daren 5 ga Mayun 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai. Mutanen unguwa suka fito da bokitai da jarkoki suna ɗibar man da ke malala, can tsakar dare wuta ta tashi. Da gari ya waye hukuma ta ce mutum 55 sun rasu. Bayan kamar mako guda adadin ya kai 76. Akasarin waɗanda suka ƙaru an ɗauke su daga wurin da ransu, suka cika a gadon asibiti, a babban birnin ƙasa inda manyan likitoci suke. Haka aka gani a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda adadin ya yi ta hawa kwana bayan kwana har ya haura 200.

Halin ƙuna ke nan. Wuta takan ɗauki rabonta nan take, sauran ta bar wa kwanakin da ke biyo baya. Wannan kaso na biyu shi ya kamata ya hana mutanen Ƙonni da Malbaza da Illela barci, domin a cikinsa ne ɗan Adam yake da abin yi da yawa, kuma a cikinsa ne aka fi yin sakaci.

Duk wanda ya san yankin ya san hanyar. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratso daga Damagaram da Maraɗi da Madawa, ta bi ta Galmi da Malbaza da Tsarnawa, ta shiga Ƙonni, ta miƙe Dogon Dutsi da Doso har Yamai. Tankokin da suka ɗauko mai daga matatar SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011, ta nan suke bi idan sun nufi yamma. Suna gogayya da manyan motocin siminti na Malbaza da na albasar Galmi, da kabu-kabu, da amalanken jakai, a kan kwalta guda da ta ratsa tsakiyar garuruwa, masu tuyar ƙosai da masu shayi da masu tsire suna gefenta da wutarsu a buɗe. A Tsarnawa hanyar Tawa ta balle arewa, ta ratsa ƙasar Illela ta Badagishiri. Abin da ya faru a Yamai da Majiya, da kuma mahaɗar Dikko kusa da Suleja a Janairun 2025 inda kusan mutum 100 suka rasu, ba ya buƙatar wani abin da babu shi a wannan hanya: tanka ɗaya, rami ɗaya, direban da bai yi barci ba, da jama'ar da tsadar rayuwa ta sa take ganin man da ya zube tamkar rabo ne daga sama.

Amma tanka ba ita ce babbar barazanar yau da kullum ba. Man da ya fi kusa da jikin mutane yana cikin gida.

Ƙonni garin iyaka ne. Tsakaninta da Illelar Sakkwato tafiyar 'yan mintuna ce, kuma shekara da shekaru bambancin farashin mai tsakanin ƙasashen biyu ya ciyar da dubban gidaje. 'Yan ruwa-ruwa ba ɓoyayyu ba ne: ga su nan bakin hanya da teburi, kwalabe jere rana na dukansu, mazurari da tiyo a rataye. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnatin Nijeriya. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500 a Arewa, daga baya ta taɓa 1,000. Sana'ar ta girgiza, riba ta ragu, wani lokaci ma man ya juya akalarsa, amma ɗabi'ar da ta haifar tana nan daram. Kwalaben da ke kan teburi samfuri ne kawai. Jarin yana zaure, ko ɗakin samari, ko bayan ƙyauren ɗakin uwargida, domin nan ne ɓarawo da jami'in duwan ba sa saurin kaiwa.

Mutane da yawa suna zaton sai wuta ta taɓa ruwan man kafin ya kama. Tururinsa ne ke kamawa. Ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama ya watse, sai ya kwanta ƙasa ya bi daɓe, ya fita ta ƙarƙashin ƙofa, ya tarar da murhu ko kurfoti ko maganin sauron da aka kunna a ɗaya gefen tsakar gida. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Ƙonni ke wuce maki 40, jarkar roba takan kumbura har ta riƙa huci ta bakin murfi. Saurayin da ke juye mai daga jarka zuwa kwalabe da daddare, rigarsa ta jiƙe, wani ya ƙyasta ashana a ƙofar zaure don kunna taba, shi ke nan. Ƙunar fetur ba ta tsayawa a hannu ko ƙafa. Takan kama fuska da ƙirji da ciki gaba ɗaya, kuma da yake a rufaffen ɗaki take tashi, mutum yakan shaƙi zafin da hayaƙin har cikin huhu. Irin wannan ƙunar tana kashe maza masu ƙarfi a jika.

Ga yara kuwa, wani labarin ne, kuma shi ya fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Afirka suna mutuwa da ita fiye da ninki biyu na takwarorinsu a duniya baki ɗaya. Ba sai an je nesa neman dalili ba. Murhun duwatsu uku a ƙasa yake, daidai tsayin yaro mai rarrafe. Tukunyar kunu da aka sauke a ƙasa ake ajiye ta ta huce. Kaskon tuya mai tafasasshen mai yana ƙofar gida inda yara ke guje-guje. Uwa tana daka, tana ɗibar ruwa, tana sallamar mai sayen fura, goyon kuma yana hannun yayarsa 'yar shekara shida. Ba wanda ke da bakin zargin wannan uwa, domin aikin mutum uku take yi da hannu biyu. Fatar ƙaramin yaro ta fi ta babba taushi nesa ba kusa ba, ruwan da babba zai ce da ɗan zafi yana iya dafa ta cikin daƙiƙu kaɗan, kuma butar shayi guda ta isa ta rufe ƙirji da cikin ɗan shekara ɗaya.

Da hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai wutar ta koma ɗaki. Ana shigar da garwashi a kasko, a rufe ƙofa da taga, a kwanta kan katifar soso cikin gidan sauro, biyun kuwa ba sa jinkirin kamawa. Wasu ma ba sa kaiwa ga ƙonewa: iskar gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, takan kwantar da mutanen ɗaki gaba ɗaya. A waje kuma kara da zana da rumbu sun bushe ƙayau, iska na kaɗawa. Mata suna nasu fama da dogon hijabi da mayafin leda, waɗanda idan suka kama ba sa ci su faɗi, narkewa suke yi su manne wa fata. Ga ruwan wankan jego da ake tafasawa safe da yamma a babbar tukunya, ga tukunyar gas da ta shiga gidaje da yawa ba tare da an koya wa kowa yadda ake gane tiyon da ya tsage ba.

Akwai rukuni guda da ba a son ambatonsa: masu farfaɗiya. Ciwon yakan tashi mutum yana bakin murhu, ya faɗa ciki, bai san inda kansa yake ba balle ya janye hannu. Na kusa da shi kuma sai su ja da baya, saboda tsohon zancen nan cewa wanda ya taɓa shi ko yawunsa zai ɗauka. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta taɓawa. 'Yan daƙiƙun nan da ake tsayawa kallo su ne ke mai da ƙaramar ƙuna ta zama mai cin nama har ƙashi. Abin takaicin shi ne maganin da ke hana tashin ciwon yana cikin mafi arha a kantin magani, kuma akasarin 'yan matan da ke shan sa a kan kari ciwon yakan daina tasar musu.

Makarantun zana ma sun ci nasu. A Afrilun 2021 yara kusan 20 suka ƙone a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a Nuwamban shekarar kuma wasu 25 ko fiye, 'yan shekara 5 zuwa 6, a Maraɗi. Gwamnatin lokacin da bakinta ta ce azuzuwan zana sun kai kusan 36,000 a faɗin ƙasa, ta kuma hana sanya ƙananan yara 'yan rainon farko a cikinsu. Wanda ya bi ƙauyukan wannan yanki, na Adar da na kwarin Maggiya, bayan girbi zai ga ana kafa irin waɗannan rumfuna, ƙofa ɗaya, a jingine da juna.

To, an kashe wutar, an fito da mutum. Daga nan ne ainihin maganar take farawa.

Mai ƙuna mai faɗi sau da yawa yana magana garau a sa'o'in farko. Yana amsa sannu, yana neman ruwa, wani ma da ƙafarsa zai hau babur. Dangi su ce alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi, a bari gari ya waye. A wannan lokacin jikinsa yana tsiyaya kamar salkar da ta huje. Fata ita ke riƙe ruwan jiki, idan ta ƙone sai ruwan jini ya riƙa fita daga jijiyoyi yana taruwa cikin nama yana kuma zuba ta miki. Jini ya yi kauri, bugunsa ya faɗi, ƙoda ta daina aiki. Likitoci suna da hanyar awo mai sauƙi: tafin hannun majinyacin tare da yatsunsa kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa. Yaron da ƙunarsa ta kai tafi 10, ko babban da tasa ta kai 15 zuwa 20, yana buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya ba tare da ɓata lokaci ba. Lissafin da aka fi amfani da shi a duniya yana cewa magidanci mai kilo 60 da ya ƙone kashi 30 cikin 100 yana buƙatar fiye da lita 7 a yini da kwanan farko, rabinta kuma cikin sa'o'i 8 na farko. Ana fara ƙirga sa'o'in nan daga lokacin da wuta ta taɓa shi, ba daga lokacin da ya isa likita ba. Wanda ya ƙone da magariba a wani ƙauyen yankin, a ce na Tajaye, aka kwana ana shawara, aka nemi kuɗin mota da safe, ya iso da azahar, ya riga ya cinye mafi tsadar lokacinsa a kan tabarma.

Wanda wuta ta kama a rufaffen ɗaki yana da wani haɗarin a kan wannan. Idan gashin hancinsa ya babbake, muryarsa ta dushe, yana tofar da baƙin yawu, to maƙogwaronsa na kumbura daga ciki, kuma yana iya toshewa cikin 'yan sa'o'i. Irin wannan ba a jiran safiya da shi ko da fatarsa ba ta nuna wani abin tashin hankali ba.

Wanda ya tsallake kwana biyun farko sai ya fuskanci ruɓa. Buɗaɗɗen miki mai faɗi, ga ƙura, ga ƙuda, ga zafi. Daga ƙarshen makon farko ƙwayoyin cuta ke samun hanya su shiga jini, zazzaɓi ya rufe mutum, ya fara sambatu. A asibitocin duniya wannan shi ne kan gaba wajen kashe waɗanda suka tsira daga tashin farko. A nan ne kuma abin da aka shafa a ranar farko yake dawowa ya nemi hakkinsa. Kowace unguwa da nata: ɗanyen ƙwai, man goge baki, gishiri, manja, baƙin man inji, toka, kashin shanu. Masu shafawa ba mugunta suke yi ba, ƙauna ce da ruɗewa, uwa ba za ta iya tsayawa hannu rabbana ɗanta na ihu ba. Sai dai mai yana riƙe zafi cikin nama, toka da kashin dabba kuma suna kai cutar sarƙe haƙora kai tsaye cikin miki, sannan ma'aikacin lafiya sai ya kankare duk abin da aka shafa kafin ya ga zurfin ƙunar, azaba kan azaba. Abin da ke da amfani shi ne wanda ake gudu. Sau nawa ake jin ana cewa kada a sa ruwa, zai yi bororo? Ruwa mai tsabta, mai sanyin randa ba na ƙanƙara ba, a yi ta kwarara shi na minti 20, yana tsayar da cin da zafi ke ci gaba da yi a ƙarƙashin fata, yana rage zurfin mikin da raɗaɗinsa. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, kada a fizge tufar da ta manne, kada a fasa bororo, a rufe da tsabtataccen zane, a lulluɓe sauran jikin yaro don kada sanyi ya kama shi, a kama hanya. Wanda tufarsa ta kama kuma kada ya ruga, gudu hura wutar yake yi. A kayar da shi, a mirgina shi, a danne da bargo.

Sai yunwa ta zo ta ƙarasa. Jikin mai ƙuna yana cin abinci fiye da na manomi a tsakiyar damina, yana neman ƙwai da madara da wake da nama don ya gina sabuwar fata. Yaron da tamowa ta riga ta taɓa ba shi da ajiyar da zai yi wannan yaƙi. Jinyar kuma ba ta mako guda ba ce: wankin miki kowane kwana biyu ko uku, bandeji, maganin raɗaɗi, ƙarin jini, wani lokaci dashen fata, wata ɗaya, wata biyu. Tun 2006 doka ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a Nijar, a 2024 kuma gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da rabi a asibitocinta. Duka biyun abin yabo ne. Amma takardar magani da ake miƙa wa uba ya je kanti, da abincin mai jinya, da gonar da aka bari ba kowa, ba su cikin rangwamen. Idan an sayar da akuya ta biyu sai a fara cewa a mai da shi gida a ci gaba da na gargajiya. Wanda ya rasu a gida bayan haka ba ya shiga littafin kowane asibiti, a wurin zaman makoki kuma abin da za a ji shi ne kwana ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Ba musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Amma ba a taɓa jin wanda ya bar rijiya a buɗe a tsakar gidansa ya ce ya dogara ba, kuma malamai sun fi kowa sanin cewa kiyaye rai wajibi ne. Huɗubar Juma'a guda a farkon hunturu, a masallatan Ƙonni da Dogarawa da Badagishiri, a kan garwashi a ɗaki da jarkar mai a zaure da ruwan minti 20, za ta isa kunnen da takardar ma'aikatar lafiya ba za ta taɓa isa ba. Gidajen rediyon gari ma haka.

Game da man ruwa-ruwa, kame da kora an gwada su shekaru da yawa, abin da suke yi shi ne tura jarkokin can ƙuryar ɗaki inda yara ke kwana. Hukumomin gari da sarakuna za su fi cin riba idan suka zauna da masu sana'ar, waɗanda kowa ya san su da shugabanninsu, aka ware fili a bayan gari mai inuwa da yashi da na'urar kashe wuta, aka ce jari ya kwana can. Wani zai ce wannan halasta fasa-ƙwauri ne. Ba a hana duwan aikinta a kan iyaka ba. Abin da ake nema shi ne kada hukuncin fasa-ƙwauri ya zama ƙonewar jariri. Murhu ma ba sabon ilimi yake nema ba. Tun shekarun 1980 aka yaɗa murhun Albarka na laka da Mai Sauƙi na ƙarfe a Nijar don tsimin itace, kuma murhun da ya rufe wuta ya riƙe tukunya da kyau yana tsare yaro kamar yadda yake tsare daji. Ɗan gini kewaye da madafa, tsayin gwiwa, aikin yini guda ne ga magini.

Nauyi mafi girma yana kan hukumar lafiya ta jihar Tawa. Ba a cewa a gina katafariyar cibiyar ƙuna a kowace gunduma. Abin da ke raba rai da mutuwa a yinin farko ruwan leda ne na ƙari, da allurarsa, da maganin raɗaɗi, da rigakafin sarƙe haƙora, da ma'aikacin da ya iya awon tafin hannu ya kuma san wanda za a tura gaba nan take. Wannan bai fi ƙarfin kowace cibiyar lafiya ta karkara ba, muddin an ajiye kayan a kwali guda an rubuta ƙuna a jikinsa, an kuma hana taɓa shi don wani abu. Yankin ma yana da abin da wasu ba su da shi: asibitin Galmi, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950, yana aikin tiyata yana kuma horar da likitocinta, ga asibitocin gunduma, ga babban asibitin Tawa. Ɗaki guda mai tsabta da gadaje kaɗan da aka keɓe wa masu ƙuna a bakin wannan hanya, da ma'aikatan da aikinsu ke nan, zai ceci mutane da yawa, ya kuma rage yaran da ke tashi da yatsu a manne ko haɓa a liƙe da ƙirji saboda mikin ya warke ba tare da an miƙe gaɓar ba.

Saura masu munanan raunuka, waɗanda sai babban asibiti. Daga Ƙonni zuwa Yamai kilomita 400 ne da ɗoriya. Zuwa Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake da likitocin ƙuna da gyaran fata, bai kai kilomita 100 ba. An rufe wannan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, kuma ko a buɗe take, shingayen da ke kanta suna cin lokaci. Gwamnan Tawa da na Sakkwato suna iya sa hannu kan takarda guda da za ta ce motar asibiti mai ɗauke da majinyaci da wasiƙar likita tana wucewa dare ko rana, ko iyaka na buɗe ko tana rufe, a kuma ba jami'an ɓangarorin biyu lambar waya ɗaya da za su kira su tabbatar.